JUMMA'A MAI KYAU: WA YA BIYA FANSA?

Muna gaishe ku duka, mutanen Mai Wurno da na Shaihu Talha, da na Sennar da Singa, da ku 'yan kasuwar Wad Madani da Gadarif, har da waɗanda yaƙi ya raba su da gidajensu, suna jinmu daga inda suka sami mafaka.

Maganarmu ta yau a kan wata rana ce guda a cikin shekara, wadda masu bin Yesu Almasihu, wanda ku ke kira Annabi Isa ɗan Maryamu, su ke kiyayewa da azumi da natsuwa. Ba kiɗa a ranan nan, ba ado, ba yanka. A ƙasar Hausa ana ce da ita Jumma'a Mai Kyau. Larabawa Kirista su kan ce Babbar Jumma'a, waɗansunsu kuma Jumma'ar Baƙin Ciki. Ita ce ranar da aka gicciye Almasihu a bayan birnin Urushalima. Da tsayuwar wata a ke lissafinta, saboda haka ta kan faɗo wata shekara cikin Maris, wata shekara cikin Afrilu. Kibɗawa da Habashawa kuwa lissafinsu dabam ne, sau da yawa tasu ta kan biyo baya da mako guda ko fiye.

Wani mai awon hatsi ya taɓa tare ni a bakin rumfarsa, ya ce, "Malam, ku Kirista kuna ba ni mamaki. Mu in babban malaminmu ya rasu, zaman makoki mu ke yi. Ku kuwa an kashe naku, kisan wulakanci ma, sa'an nan ku ce rana ce mai kyau. Ina kyaunta?" Na ce masa, "Alhaji, tambayarka ta yi daidai, ba kuwa zan amsa ta a tsaye ba." Amsar da na ba shi ita zan ba ku yau. Tana rataye ga kalma guda wadda kowane Bahaushe ya sani tun daga kakanninsa, watau fansa.

Ku tuna da yadda aka kafa Mai Wurno. A shekarar 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na shekaran nan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, har suka sauka bakin kogin nan wajen 1906. Mutanen da suka yi wannan tafiya, da dubban mahajjata da suka biyo sawunsu a ƙasa, sun fito daga zamanin da a ke kama mutum a sayar. Sun san abu biyu waɗanda yaran yanzu su kan gauraya: murgu da fansa.

Ga yadda murgu ya ke. Bawa ya kan roƙi ubangijinsa ya sake shi ya nemi na kansa, ko dako, ko saƙa, ko 'yar tireda a kasuwa. Ubangijin ya yarda, amma bisa sharaɗi: kowane mako, ko kowane wata, bawan zai kawo masa wuri kaza. In ka gamu da wannan bawa a kasuwa ba za ka bambanta shi da ɗa ba. Yana da rigarsa, yana ciniki, watakila ma yana da mata da ɗaki. Amma ku lura da kyau. Ko ya shekara talatin yana kai murgu bai taɓa fashi ba, ran da ya mutu bawa ne ya mutu. Murgu hayar kansa ya ke biya. Ba ya rage kome daga kuɗin wuyansa.

Fansa kuwa wani abu ne dabam. An kama ɗa a yaƙi ko a hanya, labari ya kai gida. Sai uba ko wa ya tashi, ya sayar da saniya, ya jinginar da gona, ya bi fatake yana cigiya gari gari har ya sami inda ɗan'uwansa ya ke. A yi ciniki, a yanke kuɗi, a biya a gaban shaidu. Daga ranan nan ba mai sauran iko da shi. Wanda aka fansa bai kawo ko wuri guda ba, gama wanda ke cikin mari ba shi da aljihu. Wani ne daga waje ya ɗauki hasarar. Har wa yau kalman nan ba ta mutu ba. Waɗanda ke da dangi a Zamfara ko Katsina sun ji yadda iyali su kan sayar da gona da shanu su tara kuɗin fansa domin a sako musu mutum daga daji.

To, me ya kawo wannan cikin maganar Allah? Littafi Mai Tsarki ya nuna mana zunubi da kamanni biyu, bauta da bashi, dukansu kuwa kun san ɗanɗanonsu. Wanene a cikinmu bai taɓa rantsuwa ya bar wani mugun hali ba, ƙarya ko ƙyashi ko tauye mudu ko bin matan mutane, bayan kwana kaɗan ya tarar da kansa ya koma? Wanda ba ya iya barin abin da ya ƙi, ai ba shi ke mulkin kansa ba. Bashi kuma, manoman Jazira sun san abin da Larabawa ke kira shail. Da damina hannu ya ƙone, manomi ya je wurin attajiri ya karɓi kuɗi ko kaya, a kan zai biya da buhunan dawa ko riɗi da kaka, bisa kuɗin da attajirin ya yanke. Kaka ta yi, ya kwashe amfanin ya kai, abin da ya rage ba zai kai shi wata damina ba, sai ya sake komawa. Bana ya ci baɗi, baɗi ya ci baɗin waccan.

Haka mu ke a gaban Allah, sai dai abin ya fi haka nauyi. Mutum ya kan ce, zan yawaita aikin kirki ya rufe muguntata. Aikin kirki abu ne mai kyau, ba mai hana ka. Amma ka yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Gaskiyar da za ka faɗa gobe, dā ma wajibi ce a kanka gobe. Sadakar da za ka bayar, daga cikin abin da Allah ya ba ka ne. In ka biya kuɗin hayar wannan wata, ya share na watannin baya da ka ci? Abin da mu ke kawo wa Allah kowace rana hakkin ranan nan ne, ba rarar da za a zuba a kan tsohon bashi. Watau murgu ne.

Saboda haka tun daga farko Allah ya koya wa mutane wata hanya, hanyar hadaya, inda rai ke tsayawa a madadin rai. Ba sai na ba ku labarin Ibrahim da tsawo ba, gama kowace Babbar Salla kuna tunawa da shi. Attaura ta ce Ishaku ne ɗan da aka kai bisa dutse, malamanku su kan ce Isma'ila ne. Ba wannan gardama ce ta tara mu yau ba. Abin da mu duka muka yarda da shi ke nan: yaron ya kwanta, wuƙa tana hannun uban, aka tsai da shi, aka yanka rago a maimakonsa. Tambayata guda ce. Ragon nan daga garken wa ya fito? Ibrahim mai dukiya ne, yana da tumaki ba iyaka, amma ba a ce masa ya koma gida ya zaɓo ba. Allah ne da kansa ya tanada ragon. Mai neman hadayar shi ne ya kawo abin hadayar. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ruwan nan da ke wucewa ta gaban Mai Wurno, in ya ratsa madatsar Sennar wadda aka gama a 1925, ya kan gangara Hartum ya haɗu da farin kogi, su tafi tare har Masar. A bakin ruwan nan ne, can ƙasa, Isra'ilawa suka yi bauta a hannun Fir'auna. A daren da Allah ya fisshe su ta hannun Musa, ya umurci kowane gida su ɗauki ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, bana ɗaya, marar aibi. Su yanka shi da maraice, su shafa jininsa a dogaran ƙofa da bisa kanta, su gasa naman su ci da shirin tafiya, kada kuwa su karya ƙashinsa ko guda. Da tsakar dare hukunci ya ratsa ƙasar, ɗan fari ya mutu a kowane gida, sai gidan da ke da jini a ƙofa aka ƙetare. Ba a leƙa ciki an tambayi halin masu gidan ba. Jinin aka duba. Daga nan aka sami Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke yi kowace shekara har yau.

Bayan wannan aka kafa hadayu a Haikalin Urushalima, ɗan rago da safe, ɗan rago da maraice, kowace rana. Sau ɗaya a shekara kuma babban firist ya kan shiga bayan wani labule mai kauri, wuri mafi tsarki, da jini a hannunsa saboda zunuban jama'a. Ba mai shiga wurin sai shi, shi ma sai a ranan nan kaɗai. Amma ga abin tunani. In jinin dabba yana biyan bashin sarai, don me a ke sakewa baɗi? Dillalan tumaki da ke tura raguna Sawakin su haye zuwa Jidda, ku faɗa mini, rago nawa ne kuɗin mutum guda? Ko a diyya, da a ke ƙidaya raƙuma ɗari, uwar mamaci ba ta taɓa cewa an biya ta ɗanta ba. Hadayun nan kamar takardar alkawari su ke, wadda a ke sabuntawa shekara shekara har ran da mai kuɗin zai zo da kansa.

Sa'ad da Yahaya ɗan Zakariya ya ke wa'azi a bakin Kogin Urdun, ya ga Yesu yana zuwa, sai ya nuna shi ga jama'a ya kira shi ɗan ragon da Allah ya tanada domin zunubin duniya duka. Yesu da kansa kuma ya gaya wa almajiransa tun da wuri, ba sau ɗaya ba, cewa za a bashe shi a kashe shi a Urushalima, ya kuma ce abin da ya kawo shi ke nan, ya ba da ransa ya zama fansar mutane da yawa. Da wannan kalma ya fassara mutuwarsa tun ba ta zo ba.

Yanzu ga abin da ya faru a ranar, yadda Linjila ta ba da labari. A zamanin Kaisar Tibariyas ne, Bilatus Babunti yana gwamnan Yahudiya, wanda ya riƙe ƙasar daga shekara ta 26 zuwa ta 36. A 1961 masu haƙar kufai sun tono wani dutse a Kaisariya da sunansa a rubuce. Lokacin kuwa Idin Ƙetarewa ne, birni ya cika da baƙi da 'yan raguna. Da daren Alhamis ɗaya daga cikin almajiransa, Yahuza, ya bashe shi a bakin azurfa 30, daidai abin da Attaura ta yanke a biya in sa ya kashe bawan wani. Aka yi masa shari'a da dare, da asuba aka kai shi gaban gwamna. Bilatus ya bincike shi, ya faɗa a fili bai sami laifi a gare shi ba. Amma ya ji tsoron taro.

A nan wani abu ya auku wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Al'ada ce a lokacin idi gwamna ya sakar wa jama'a ɗan sarƙa guda. Akwai wani a kurkuku, sunansa Barabbas, wanda aka kama da laifin tawaye da kisankai. Shi dai ya san abin da ke jiransa. Ku sa kanku a ɗakin nan da shi. Ya ji hayaniya a waje, ya ji takun soja, ya ji an zare sakata. Ya miƙe yana tsammani ƙarshensa ya zo. Sai aka kwance shi aka ce ya tafi gida. Me ya biya? Wane aikin kirki ya yi tsakanin dare da safiya? Ba kome. Wani ne, marar laifi, aka kai inda shi ya cancanta. Littafi bai gaya mana ko Barabbas ya tuba daga baya ba. Ni dai na kan yi tunani ko ya bi taron daga nesa, ya ga itacen nan na tsakiya.

Aka yi wa Yesu bulala, aka ɗora masa gungumen. A hanya, soja suka tilasta wa wani baƙo mai shigowa daga ƙauye ya ɗauka masa, sunansa Saminu, mutumin Kurane, a ƙasar da a ke kira Libiya yanzu. Mutumin Afirka ne ya ɗauki itacen. Wajen ƙarfe 9 na safe aka kafa shi da ƙusoshi a wurin da a ke kira Golgota, tsakanin 'yan fashi biyu. Yana kan gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya zage shi. Ɗayan kuwa ya amsa laifinsa, ya ce su hakkinsu su ke karɓa amma wannan bai yi kome ba, ya roƙi Yesu ya tuna da shi. Hannuwan mutumin nan a kafe su ke, ba zai ƙara ba da sadaka ba, ƙafafunsa ba za su ƙara zuwa wurin ibada ba, sauransa 'yan sa'o'i. Duk da haka Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranan nan.

Daga ƙarfe 12 na rana duhu ya rufe ƙasar har ƙarfe 3. Sa'an nan Yesu ya ta da murya ya shaida aikin ya cika, ya miƙa ransa ga Allah. Nan take labulen nan na Haikali ya tsage biyu, daga sama zuwa ƙasa. Da maraice soja suka zo su karya ƙafafun waɗanda aka gicciye domin su mutu da sauri. Suka karya na 'yan fashin, amma da suka ga Yesu ya riga ya mutu ba su karya ƙashinsa ba, sai wani ya soke shi da mashi a kwiɓi. Ku tuna da ɗan ragon Masar. Bayan shekara arba'in ko ƙasa da haka, a shekara ta 70, Romawa suka rushe Haikalin, ba a kuwa sake miƙa hadaya a cikinsa ba.

Na san abin da ke zuciyar waɗansunku. Za ku ce, "An koya mana ba a kashe shi ba, kamanninsa aka sa wa wani." Ba na raina wannan magana, gama na san tushenta: kuna ganin Allah ba zai bar manzonsa ya sha irin wannan kunya ba. Bitrus, babban almajirinsa, haka ya ɗauka, har ya ja Yesu gefe yana hana shi zancen mutuwa, Yesu kuwa ya tsauta masa. Amma ku auna shaidu yadda alƙali ke aunawa. Maryamu uwarsa tana tsaye kusa da gicciyen, har ya yi magana da ita ya danƙa ta ga almajirinsa Yohanna. Uwa ta kan ɓata ɗanta da wani? Wani marubucin tarihi Baroma, Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Almasihu a zamanin Tibariyas. Gicciye kuwa kisan bayi ne da 'yan tawaye. Ba wanda zai ƙago wa shugabansa irin wannan mutuwa domin ya jawo mabiya.

Wani kuma zai ce, "Kowa kayansa zai ɗauka. Ina adalci a hukunta marar laifi saboda mai laifi?" Gaskiya ne, mai kaya a ka ba ya ɗaukar na wani, wanda bashi ya ci ba a karɓar lamuninsa. Domin haka ba ni da ikon fansarka, kai ma ba ka da ikon fansata. Sai wanda ba a binsa kome. A cikin 'yan Adam duka, wa aka haifa ba uba, ya yi zamansa ba zunubi, har maƙiyansa suka rasa abin kama shi da shi? Kuma ba kama shi aka yi ƙarfi da yaji kamar rago ba. Ya san abin da ke gabansa, ya hau Urushalima da ƙafarsa.

Amma akwai amsa wadda ta fi wannan zurfi, 'yan kasuwa kuwa za su fi kowa gane ta. A ce kana bin wani kuɗin buhu goma, ya zo yana kuka, ka ce ka yafe. Ina buhu goman nan suka tafi? Sun ɓace a iska? A'a. Kai ka ci hasarar. Ran da ka buɗe littafinka za ka ga giɓin a wurinka. Ba a taɓa yafe bashi ba sai wani ya biya, wanda ya biya kuwa shi ne mai yafewa. Haka in an ci mutuncinka ka haƙura ba ka rama ba, kai ka haɗiye zafin. To, Allah mai jinƙai ne, amma kuma alƙali ne mai gaskiya, ba ya cewa mugunta ba kome ba ce. Ku da kuka ga abin da aka yi wa mutane a yaƙin nan, za ku so Allah wanda zai kau da kai ya ce ba kome? Ba za ku so ba. Laifi sai an biya. Abin da mu ke shaida shi ne, Almasihu Kalmar Allah ne, daga wurin Allah ya fito, ba wani bare ba ne da aka jawo aka ɗora wa kayan mutane. A cikinsa Mai bin bashin ne da kansa ya sauko ya ci hasarar. Ba Shaiɗan aka biya ba, kamar yadda a ke kai wa ɓarayin daji kuɗi, gama Shaiɗan ba shi da hakki a kan kowa. Adalcin Allah ne ya nema, ƙaunar Allah ce ta biya, kamar dai a bisa dutsen Ibrahim.

Kada wani ya ce, ashe sai mu yi ta zunubi tun da an biya. Wanda wansa ya sayar da gonar gado ya fanso shi, ka taɓa ganin ya koma wurin masu mari ya miƙa ƙafa? Aikin kirki yana nan, sai dai ya tashi daga murgun bawa ya zama hidimar ɗa a gidan ubansa.

Waɗansu su kan ce wannan addinin Turawa ne, da jirgi ya zo. Bari in ba ku labarin wani mutumin ƙasan nan. Arewa da Hartum, kusa da Shandi, akwai kufan birnin Merowe na dā, inda dalar sarakunan Kush ke tsaye. Sarauniyoyin wurin ana yi musu laƙabi da Kandakatu. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 8, ya ba da labarin ma'ajin wata Kandakatu, babban mutum, wanda ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima domin sujada. Mahajjaci ne, kamar kakanninku. Yana komowa ta hanyar Gaza a cikin karusarsa, yana karatun littafin Annabi Ishaya da ƙarfi, wurin da mu ke kira sura 53 yanzu. A wurin annabin ya yi zancen wani Bawan Allah wanda za a raina, a yi masa rauni saboda laifin waɗansu, a kai shi mayanka ya yi shiru kamar tunkiya, ta wurin wahalarsa kuma mutane da yawa su sami kuɓuta. Ma'ajin ya yi hajinsa ya gama, amma bai gane ba. Sai Allah ya aiko masa wani mai bi, Filibus. Ma'ajin bai ji girman kai ba, ya ce ya hau su zauna, ya tambaye shi ko annabin da kansa ya ke, ko da wani. Filibus ya fara daga nan ya ba shi labarin Yesu. Da suka iso wani ruwa ma'ajin ya roƙa a yi masa baftisma, ya ci gaba da tafiyarsa gida yana murna.

In wani ya yi zaton Kirista ne suka shigar da wannan sura daga baya, to, a 1947 makiyaya sun tsinci naɗaɗɗen littafin Ishaya a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, wanda aka rubuta fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Almasihu, surar kuwa tana ciki. A bakin kogin nan namu kuma, kusa da Hartum, akwai kufan Soba, babban birnin mulkin Alwa. Sarkinta ya karɓi baftisma a shekara ta 580, aka yi ta kiyaye wannan Jumma'a a majami'unta ɗaruruwan shekaru kafin Funj su kafa Sennar a 1504.

A 2023 Kibɗawan Hartum da Omdurman sun yi tasu Babbar Jumma'a ran 14 ga Afrilu, Musulmi kuwa suna cikin azumin Ramadan. Kashegari, Asabar 15 ga wata, aka fara harbi a Hartum. A Disamba na shekaran nan yaƙin ya kai Wad Madani, a 2024 ya shigo ƙasar Sennar. Da yawa daga cikinku kun binne naku ba likkafanin kirki, waɗansu ba su san ma inda nasu ke kwance ba. Ba zan ce muku Jumma'an nan ta bayyana dalilin kowace wahala ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, wanda mu ke kira Mai Fansa ya san shari'ar zalunci, ya san bulalar soja, ya san ƙishirwa, ya san abokai su gudu su bar mutum.

Kafin rana ta faɗi a Jumma'an nan, wani ɗan majalisa mai arziki, Yusufu mutumin Arimatiya, ya yi ƙarfin hali ya shiga wurin Bilatus ya roƙi gawar. Ya sa ta a likkafanin lilin, ya kwantar a sabon kabarin da ya sassaƙa wa kansa a dutse, aka mirgina babban dutse a bakin. Matan da suka biyo Yesu daga Galili suka ga wurin, suka koma gida suka shirya kayan ƙanshi, suka huta ran Asabar bisa ga doka. Wanda ke da Linjila, ko maƙwabcinsa na da ita, ya karanta Luka sura 23 kafin mu sake saduwa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi matan nan zuwa kabarin da asubar Lahadi.